Yadda zaka raini kaktus a gida ba tare da ya ruɓe maka ba

Duk baƙon da ya shigo gidanmu a nan ƙasar Ringim ya ga tukwanen kaktus ɗin da na jera a gindin katanga, tambayar da yake fara yi min ita ce sau nawa nake basu ruwa a rana. To jama'a daga wannan tambayar matsalar take farawa, don a wajenmu ƙishirwa bata cika kashe kaktus ba, ruwa ne yake kashe shi, ruwan butar mai shi da kuma ruwan watan Agusta. Ni kaina guda uku na fara siyowa a cikin Kano wajen masu sayar da fulawa na bakin titi, suna cikin baƙar leda da baƙar ƙasa mai danƙo, na kawo su na ajiye a tsakar gida kusa da indararo, kullum da safe ina basu ruwa kamar na shuka tumatir, ana shiga marka duk ukun suka yi laushi daga gindi suka fara wari. Wallahi abin ya min ciwo. Inna ce ta dube ni tace, kai ɗan nan, ka taɓa ganin wanda ya ɗauki tulu ya tafi bakin gona bai wa aguwa ruwa? Daga ranar na canza yadda nake yi, kuma abinda na koya shi zan shimfiɗa muku a nan daki-daki.

Kafin komai ka fara sanin me ke hannunka. Kaktus na ainihi, wanda wasu ke kira murtsunguwa, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, su Meziko da Peru da kudancin ƙasar Amurka, daga can aka yaɗa shi duniya. Mu kuma a nan muna da namu masu kama da shi, kyarana da tinya da ita aguwar da ake shinge da ita, amma waɗannan dangi daban ne. Gane su ba wuya, ka ɗan soke shi da tsinke, in farin ruwa kamar nono ya fito to galibi dangin su kyarana ne, in ruwa garai ne ko mai ɗan yauƙi to kaktus ne. Sannan ƙayar kaktus tana fitowa ne daga wani ɗan tudu mai gashi-gashi kamar auduga a jikinsa. Rainonsu kusan ɗaya ne, amma wancan farin ruwan guba ne, na tinya har a haɗin dafin kibiya mutanen da suke sa shi, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa na kamar minti 20 ba tsayawa, a wuce asibiti, kar a tsaya jiran ya huce da kansa. In akwai yara masu rarrafe a gidan, ni shawarata a bar su tinya a daji.

Mai farawa, ka fara da mai faffaɗan jiki kamar tafin hannu ɗin nan, wanda wani ke fitowa a kan wani, masana suna ce masa Opuntia, ko kuma dogon nan mai kusurwa-kusurwa da yake miƙewa sama kamar turke, ko ƙananan masu zagaye da suke 'ya'ya a gefe. Waɗannan suna da haƙuri. Wanda zaka gani da jan kai ko rawaya kamar an ɗora alewa a kan koren sanda, yana da kyau a ido amma aure aka yi wa iri biyu, kan ba ya iya ciyar da kansa don bashi da kore, kuma baya daɗewa, bare a zafinmu. Kar ka fara da shi. Kuma ba dole sai ka siya ba, in wani yana da shi ka roƙi reshe ɗaya, shi ma ya isa.

Lokacin yanka da dasawa da yafi min kyau shine daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, wato Fabrairu zuwa Afrilu, saboda iska a bushe take, ciwon yankan yana saurin warkewa, kuma kafin ruwa ya sauka a Yuni ya riga ya kama ƙasa. Ka samu wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, ka goge ta da sifirit ko ka ɗan lasa mata wuta ta huce, ka yanke daidai gaɓa inda reshen ya haɗu da uwar. Kar ka riƙe da hannu tsirara, ka ninke kwali ko takardar buhun siminti ka kama da shi. In ka yanke sai ka barbaɗa garin gawayi ko busasshiyar toka kaɗan a bakin ciwon.

Toh ga inda mutane da yawa suke kasa haƙuri. Ba a dasa shi ranar da aka yanke. Ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, kan dakalin zaure ko ƙarƙashin rumfa, ka barshi sati ɗaya zuwa biyu, mai kaurin jiki har sati uku, sai bakin yankan ya bushe ya yi tauri kamar ɓawon gyambon da ya warke. Zaka ga kamar ya ɗan yanƙwane, ba komai, ruwan da ke jikinsa ya ishe shi wata da watanni. In ka tura ɗanyen ciwo cikin ƙasa mai laima, ta nan ruɓa zata shiga kuma baka gani sai ta hau sama. Ko wanda ka siyo a leda ma, ka zare shi, ka kakkaɓe baƙar ƙasar nan daga saiwar a hankali, ka barshi kwana biyu ko uku a inuwa kafin ka sa shi a sabon wuri.

Yana can yana bushewa kai kuma kana haɗa tukunya. Babu abinda ya kai tukunyar ƙasa irin ta maginanmu, saboda jikinta yana numfashi, yadda randa ke tsatsafo da ruwa ta sanyaya shi haka tukunya ke fitar da laima daga ƙasar ta kuma hana saiwa dahuwa a bazara. Tsohon kasko, tulun da ya fashe ta baki, tukunyar da ta tsage Inna ta daina girki da ita, duk suna yi. Dole sai da huji a gindi, wannan ba zaɓi bane. In sabuwa zaka sa a gina maka, ka cewa mai ginin ta huda tun tana ɗanya, huji kamar faɗin babban yatsa, in tsohuwa ce ka jiƙa ta ta kwana a ruwa sannan ka huda da ƙusa a hankali kana ɗan ƙwanƙwasawa. Bokitin fenti da gwangwanin tumatir suna yi in ba hali, amma ka yi musu huji biyar ko shida, kuma ka sani gwangwani yana ɗaukar zafi sosai a rana, roba kuma tana riƙe ruwa, sai ka rage bayi. Girman tukunyar kar ya wuce shukar da yawa, yatsa biyu tsakanin jikinsa da bakin tukunya ya isa, babbar tukunya ƙasarta bata bushewa da wuri.

Sai ƙasa, kuma nan zan ɗan daɗe don rabin aikin kenan. Mutane suna cewa ai mu Jigawa rairayi ne ko ina, a ɗiba a zuba kawai. A'a. Rairayin nan mai laushi kamar gari in ya sha ruwa danƙarewa yake, iska bata shiga. Laka irin ta fadama kuwa, irin wadda ake noman shinkafa a kanta a wajen Hadejia, ita ce tafi kowacce illa. Abinda kake nema shine yashi mai gwari-gwari na bakin rafi irin wanda magina ke kwaɓa kankare da shi. Ga awon da nake yi da kwano ɗaya, kwano biyu na wannan yashin, kwano ɗaya na ƙasar gona ta sama, kwano ɗaya na tsingaro ko jan bulo ko marmara da aka farfasa suka koma kamar ƙwayar masara zuwa gyaɗa, rabin kwano na gawayi da aka daddaka ba lukui ba, sai tafi ɗaya na tsohon kashin awaki wanda ya shekara ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen taki kar ya kusanci tukunyar, yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Ka sa rariya ka tankaɗe ƙurar ka zubar, tsakin kake so. In bazara ce ka baza haɗin a kan langa-langa ya sha rana kwana biyu, yana rage ƙwari da ƙwansu.

Ka gwada kafin ka dasa. Yayyafa ruwa a ɗan kaɗan, dunƙule a hannu, ka buɗe, in ya tsaya kamar curin fura to ƙasa tayi yawa ka ƙara yashi da tsakuwa, in ya wargaje da ka taɓa shi to yayi. Gwaji na biyu, cika tukunyar ka zuba kofin ruwa, ya kamata kafin ka ƙirga goma ya fara ɗiga ta gindi. In ruwan ya kwanta a sama yana jira, sake haɗi.

Dasawa kuma abu ne mai sauƙi. Ka ɗora tsingaro ɗaya a kan hujin a kife don kar ƙasa ta zube amma ruwa ya wuce, ka zuba busasshen haɗinka, ka tura gindin reshen kamar gaɓa biyu ta yatsa, mai faɗin nan kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ya shiga, ka tokare shi da duwatsu biyu kar ya faɗi. Kar ka binne shi da zurfi don ya tsaya, gara ka tokare. A sama ka zuba tsakuwa ta zagaye wuyansa, tana hana laima zama a jikinsa kuma tana hana kaji tono. Daga nan ka cire hannunka, ba ruwa har kwana 10 zuwa 14, a inuwa mai haske. Bayan haka ka bashi kaɗan. Tsakanin sati uku zuwa shida saiwa take fitowa, in ka ɗan girgiza shi ka ji ya riƙe ƙasa, ko kaga sabon toho a sama, to ya kama. Dan Allah kar ka dinga tuge shi kana duba saiwa.

Maganar rana, an ce shukar hamada ce, gaskiya ne, amma wanda ya taso ƙarƙashin bishiya a wajen mai fulawa bai san ranar Afrilu ta ƙauyenmu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. In ka fito da shi kai tsaye zai ƙone, fatar tayi fari ko ruwan ƙasa, kuma wannan tabon baya gogewa har abada. Ka saba masa a hankali, kwana uku na farko awa ɗaya ta hantsi, sai biyu, sai uku, cikin sati biyu ya saba. Wurin da yafi dacewa a gida shine gindin katangar da rana ke bugawa daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 11, daga azahar kuma inuwa ta rufe. Ka nisanta shi da jikin langa-langa da sumuntin da ke ɗaukar zafi, ka ɗora tukunyar a kan bulo biyu, hakan yana taimakon fitar ruwa kuma gara bata samun hanya da sauƙi. Masu son ajiye shi a ɗaki kan tebur ko cikin kabet don ado, ku yi haƙuri ɗakunanmu basu da hasken da zai ishe shi, zaki ga kansa ya tsuke ya yi tsini ya koɗe yana leƙen taga, wannan yunwar haske ce. In dole sai ɗaki, to bakin taga, kuma a dinga fito da shi.

Yanzu ruwa. Ka fahimci halittar abin tukunna, ƙayar nan da kake gani ganyensa ne Allah ya mayar haka don kar ya yi asarar ruwa, jikinsa rumbu ne na ruwa, har ƙofofin numfashinsa da dare yake buɗe su in gari yayi sanyi ya rufe da rana. Saiwarsa kuma a sama-sama take bazuwa, ta saba ta sha da yawa lokaci ɗaya sannan ta zauna a bushe. Don haka in zaka bashi ka bashi sosai har ya zubo ta gindi, sannan kar ka sake sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf har ƙasa. Ɗan yayyafi kullum shine mafi muni. Ni tsinken tsire nake amfani da shi, in soka har gindin tukunya in barshi minti biyu in zaro, in ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa sai in ƙara kwana uku, in ya fito fes sai in bayar. A bazara ƙananan tukwanen ƙasa sukan nemi ruwa duk kwana 5 zuwa 7, kuma da yamma liƙis ko da asuba nake basu, ba da tsakar rana ba. A hunturu hutawa suke, sau ɗaya a sati uku ko ma wata ya isa, sai dai ƙurar da ke rufe su in share da gashin kaza ko tsohon burushi. Ruwan wanki mai omo da ruwan wanke-wanke kar a zuba musu, na san a gidajenmu duk abinda ke tsakar gida shi ake watsa wa, sai ka gaya wa mutanen gida tun farko. In ruwan burtsatsenku yana barin farin gishiri a bakin tukunya, tari ruwan sama a jarka ka ajiye musu.

Damina ita ce jarabawar. Ruwan farko na Yuni yana musu daɗi, zaka ga sun cika sun yi shar. Amma da an shiga Yuli tsakiya zuwa Satumba, musamman kwanakin marka da rana bata fitowa, ka kwashe tukwanen ka kai ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske ke shiga amma ruwa baya dukansu, nesa da indararo da inda ruwa ke kwanciya. A daminar 2022 da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa, tsakar gidanmu ta kwana biyu da ruwa, nawa sun tsira ne kawai don suna kan benci a zaure. A wannan lokacin ko ɗigo bana basu sai tsinke ya nuna min.

In ruɓa ta riga ta shiga, zaka ga gindin ya yi baƙi ko rawaya, in ka danna da tsinke ya lotsa. Kar ka jira gobe. Ka yanke sama da wurin, ka duba cikin, in akwai ɗigon ruwan ƙasa ko baƙi ka goge wuƙar da sifirit ka sake yankawa sama, har sai ka ga tsoka mai tsabta fara ko koriya. Barbaɗa gawayi, shanya a inuwa, ka koma matakin farko kamar sabon reshe. Tsohuwar ƙasar ka zubar, tukunyar ka wanke ta sha rana.

Ƙwari basu da yawa amma akwai wani fari kamar an manna auduga a tsakanin ƙaya, yana tsotse ruwan jikinsa, sau da yawa in kaga tururuwa na hawa da sauka to yana nan. Ka naɗa auduga a tsinke ka tsoma a sifirit ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In sun yi yawa ka daka 'ya'yan darbejiya tafi biyu ka jiƙa a ruwa lita ɗaya ya kwana, ka tace, ka fesa da magariba, ka maimaita bayan sati, kar ka fesa da rana don zai ƙone fatar. Awaki kuwa basa tsoron ƙaya yadda kake zato, mai faɗin nan suna cinye shi tas musamman a rani, sai ka ɗaga tukwanen sama ko ka kewaye da waya ko ƙayar magarya.

Taki kaɗan yake so. Kashin awakin da ka sa a haɗi ya ishe shi shekara, bayan nan in bazara ta zo ka sa ƙwayar NPK huɗu ko biyar a gefen tukunya nesa da jikinsa ka bi da ruwa. Yuriya kar ka sa, tana sa shi ya yi saurin girma da ruwa-ruwan jiki mai saurin ruɓewa. Canjin tukunya duk shekara biyu ko uku, ko in saiwa ta leƙo ta huji, kuma bayan canji sati guda ba ruwa.

Akwai wata ƙaya da nake so iyaye mata su sani. Mai faɗin nan, har wanda ake cewa bashi da ƙaya, yana da wasu ƙanana kamar ƙaiƙayi masu ƙugiya, ido baya ganinsu sosai amma in suka shiga hannun yaro zai kwana yana kuka. Kar a murza, kar a sa baki. A cire na sama da matsefata, sauran a manna salatif a ɗaye, a maimaita, sannan a wanke da sabulu.

Wasu abokaina manoma sun tambaye ni ko za a iya kai shi gona. Ana yi, a Maroko da Tunisiya da arewacin Habasha da Barazil ana noman mai faɗin nan, mutane su ci 'ya'yan, dabbobi su ci jikin a lokacin fari, sai dai kusan duk ruwa ne, dole a haɗa da harawa ko dusa in ba haka ba ya sa su zawo, mai ƙaya kuma sai an babbake ƙayar. Amma ka yi hattara da irin da zaka kai. A Ostareliya wani iri mai ƙaya ya mamaye kusan hekta miliyan 24 na ƙasa a shekarun 1920, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926 sannan aka shawo kansa, yau ma makiyaya a Laikipia ta Kenya suna fama da irin wannan. Reshe ɗaya da ya faɗi ƙasa tsiro yake. Don haka abinda ka yanke baka so, kar ka watsa a juji ko bakin burtali, ka daddatsa shi ya bushe ka ƙone.

Fure kuma sai an yi haƙuri, wani sai ya shekara uku ko fiye. Abinda na lura yana taimakawa shine a barshi ya sha sanyin hunturu a waje cikin bushewa, kar a ji tausayinsa a ƙara ruwa, kuma in ya fara kumburo da toho kar a juya tukunyar ko a canza masa wuri don yana iya zubarwa. Dogon nan nawa da dare yake buɗewa, fari babba mai ƙamshi, kafin hantsi ya rufe shikenan. Ranar da ya fara, bayan isha'i na gani, na je na taso Inna da tocila, ta tsaya ta daɗe tana kallo tana tasbihi, da safe ta aiko ƙanwata da tsohon kaskonta tace in huda in dasa mata nata a ƙofar ɗaki.